Rasuwar Hajiya Mai Sanyi ta Ɗakin Gwaji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙaurin ƙonanniyar waya, ni Rilwanu, ɗalibin kimiyyar nukiliya a Giza, nake sanar da rasuwar na'urarmu, Hajiya Mai Sanyi. Ta cika a Ramadanan bana, 2014, tana tsakiyar aikin digirina.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, aikinta ƙirge. Mukan harba ƙwayoyin zarra kan wani ɗan faranti, ita kuma ta ƙirga hasken gamma da ke fita. Da wannan ƙirgen ake gane saurin wutar da ke tarwatsa tauraro. Abin da ke faruwa can ƙarshen sama, Hajiya na zaune a kusurwar ɗaki take ba da labarinsa, kuma ba a taɓa kama ta da ƙari ba.

Ba ta da kwaɗayi. Abincinta ɗaya ne, ruwan naitirojin mai tsananin sanyi, a zuba mata a tulunta. In ta ƙoshi sai ta ce “tsssss”, ta fesa farin tururi, shi ne godiyarta. Sharaɗinta kawai kada a bar ta ta ɗumama alhali wuta na jikinta.

Ciwon ajalinta daga alheri ya fara. Zafi ya yi zafi, firjin sashenmu ya mutu, sai abokin aikina Ya'ƙub, mutumin unguwar Arba wa Nus, ya gano cewa ludayi ɗaya na abincin Hajiya kan mayar da zoɓo ƙanƙara nan take. Labari ya zaga. Masu gadi suka fara zuwa buɗa-baki da kofunansu, sai 'yan sashen lissafi, har da wani bawan Allah da ba wanda ya san daga ina yake. Ya'ƙub kuwa ko za a yanka shi ba zai mayar da mai azumi da kofi wayam ba. Ranar Alhamis tankin ajiya ya ƙare, motar kawo sabo sai Lahadi. Muka dawo daga hutun ƙarshen mako muka tarar da ita da zazzaɓi, ta ɗumama da wuta a jikinta, allonta sai zane-zanen banza. Dakta Mahasin, mai duba aikina, ta taɓa jikinta, ta dube ni, ta yi mini ma'alish, wato “sai haƙuri”. Gyaranta sai a Turai, ni kuma tallafin karatuna a Oktoba zai ƙare.

Ta rasu ta bar tulu ɗaya, da wayoyi birjik, da Ya'ƙub wanda ya daina haɗa ido da ni, sai ni marayanta da rabin awo. Na yafe masa, amma wallahi abin na cina.

Za a yi jana'iza Talata bayan Azahar. Za a naɗe ta da bargonta, a sauke ta sito na ƙarƙashin bene kusa da tsofaffin kujeru. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin gwaji. Mai ƙarfin zuciya a cikinku ya tsaya bayan an watse, ya taya ni kiran Inna a Gusau. Ta riga ta ɗinka atamfar da za ta sa ranar tarbata, ni kuma har yanzu na kasa danna lambarta.