Yadda Tado Ya Nemo wa Briskila Coci

Ranar da Briskila ta fara ganin Tadawus, ruwan sama ake tsugawa. Mawaƙan cocinsu sun je gasar waƙa a Gidan Tambai, wani ƙauye a ƙasar Malumfashi, kuma ita ce mai jan baiti. Tana saukowa daga mota, katikis ɗin garin mai koyar da addini, Baba Irmiya, ya miƙa wa Tadawus ɗin, wani dogon saurayi, lema ya ce, "Tado, riƙe wa baƙuwar nan. Kada ka bari ruwa ya taɓa ta." Ruwa ya ɗauke tun da hantsi, amma lema ba ta sauka ba. Da aka kawo tuwo ta miƙa hannu za ta wanke, sai ya janye butar. Ta nemi na sha, ya girgiza kai.

"Ki yi haƙuri," in ji shi. "Amana aka ba ni."

Haka ta yi waƙa da busasshen maƙogwaro, suka zo na uku, ta hau mota tana huci. Sai da suka yi nisa ta tuna yadda ya jiƙe sharkaf tun daga kai har ƙafa, ita kuwa ko ɗigo. Ta rufe fuska da ɗankwali tana dariya ita kaɗai. Bayan kaka biyu aka ɗaura musu aure.

Duk Gidan Tambai an san halin Tado. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Da kawunsa ya samo masa aiki a wani gidan burodi a Kaduna, maigidan ya yi murna da shi ƙwarai, don in an ce a juya ƙullu sau arba'in, to arba'in ɗin ne. Suka kama ɗaki ɗaya a gidan haya: katifa, keken ɗinkin Briskila, tukwane uku, da gicciye a bango. Tado ya saba da gari nan da nan. Briskila ce ta kasa. A ƙauye in ta yi tari ran Asabar, ran Lahadi mata biyar za su tambaye ta jiki. A nan wata uku tana shiga coci tana fita, ba wanda ya taɓa tambayar sunanta.

Ran Larabar Toka, ranar da Kirista suke fara azumin kafin Ista, tokar ma ba ta goge daga goshinta ba, ta zauna bakin katifa ta ce, "Maigida, in Ista ta zo ba mu sami cocin da za mu kira namu ba, gida zan koma wurin Inna. Ba faɗa muka yi ba. Bushewa nake yi."

Tado ya ce, "Ran Ista da safe, ko da yamma?"

"Da yamma."

"To," ya ce. Ya ɗauki waya ya fita ya kira Baba Irmiya.

Wata rana, Lahadi ta farko a azumi, Tado ya tashi da shawarar Baba a bakinsa: su fara da cocin da ya fi kusa. Cocin Katolika biyu ne a yankinsu, ɗaya gabas bayan kasuwa, ɗaya yamma kusa da gidan mai. Suka nufi gabas, Tado yana tafe yana motsa baki. Suna isa ƙofa ana kaɗa ƙararrawa, Briskila ta gyara ɗaurinta za ta shiga, ya riƙe mata hannu.

"Taku dubu biyu da ɗari da goma sha huɗu. Amma ba mu san na yamma ba tukuna."

Suka koma gida, suka ɗauki hanyar yamma. Dubu biyu da ɗari da tara. Briskila ta ce an gode Allah, mu shiga. Sai fuskarsa ta canja: ya tuna ya tsallake kwata a hanyar gabas, bai kuma san taku nawa ne a tsalle ɗaya ba. Kafin su gama awo na biyu, an tashi daga Mas, wato sujadar Lahadi, mutane suna fitowa daga cocin biyun duka, rana tana tsaka.

"Mun rasa Mas," in ji Tado yana share gumi, "amma yanzu mun san gaskiya."

Suka isa gida Briskila tana ɗingishi. Shi ya ɗebo ruwa ya jiƙa mata ƙafafu.

Wata rana kuma suka shirya zuwa na yamman, wanda ya ci awo da taku biyar. Babban coci ne mai bene da fanka jere-jere. Maƙwabciyarsu, Maman Godiya, ta leƙo tana goge baki ta ce, "Malam Tado, cocin masu kuɗi ne fa, kada ka je ka yi ƙauyanci. Ka dubi na gabanka kawai, duk abin da ya yi ka yi." Na gabansa wani saurayi ne mai farar shadda. Ya durƙusa, Tado ya durƙusa. Ya sosa ƙeya, Tado ya sosa. Da aka zo sanarwa, Fada, limamin cocin, ya kira masu shirin aure bayan Ista su fito a gan su. Mai shadda ya miƙe, Tado ya miƙe. Ya taka gaba, wata budurwa ta fito ta tsaya kusa da shi, Tado ya zo ya tsaya a ɗaya gefenta ya haɗe hannuwa.

Fada ya duba takarda, ya dubi mutum ukun. "Kai kuma fa?"

"Na bayansa ne, Fada."

Coci ya ɗauki dariya har bene. Wata mata ta taɓa Briskila ta ce, "Wancan naki ne?" Briskila ta so ƙasa ta tsage. Amma ta ce, "Nawa ne," don ba ta taɓa iya musun wannan ba.

Wata rana suka hau a-daidaita zuwa wani coci a tsakiyar gari, inda Mas ɗaya take fita wata take shiga. Wa'azin ya yi daɗi. Da Fada zai sallami jama'a ya ce, "Yau kada kowa ya fita sai ya gaisa da wanda bai sani ba." Mutane suka juya suka ba na kusa da su hannu, shi ke nan. Tado kuwa ya duba cocin nan kaf, mutum ya fi dubu, matarsa kaɗai ya sani. Ya ruga ya tare ƙofa. Ba kuma gaisuwar birni ya yi ba, ta Gidan Tambai ya ɗauko: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya aka ji da zafi. In dattijo ne sai ya durƙusa har ƙasa. Na ciki suka kasa fita, na waje masu jiran Mas ta biyu suka kasa shiga, motoci suna ta ham. Yana kan mutum na sittin da uku masu tsaron ƙofa da jan ƙyalle a kafaɗa suka ɗauke shi cak suka ajiye gefe.

"Saura da yawa," ya ce musu.

"Ka dawo mako mai zuwa, Malam."

A hanya Briskila ta yi dariya har da hawaye. Daga baya dariyar ta tsaya, hawayen suka ci gaba. Duk cikin sittin da ukun nan ba wanda ya waiwayo ya ce da ita ina kwana.

Wata rana wani abokin aikin Tado ya kwatanta masa wani ɗan ƙaramin coci a bayan layin dogo. Rufin kwano ne, bango ba filasta, benci maimakon kujeru, Fada ma aro suke yi. Amma da Hausa ake komai. Suka ɗauko wata waƙar azumi da Briskila ta sani tun tana goye, ba ta san lokacin da ta buɗe murya ta hau sama da ita ba. Wata tsohuwa ta waiwayo, sai Briskila ta katse waƙar. Bayan Mas tsohuwar ta tare su da littafin makaranta da biro a hannu.

"Baƙi ne ku? Ni ce Kezaya, uwar Zumuntar Mata. Sunayenku, da inda kuke zaune. Ka faɗa mini dalla-dalla, ɗana, kada ka tsallake komai."

Tado bai tsallake ba. Ya fara tun daga dokin ƙofar coci: a tsallaka layin dogo, a bi hagu wurin mai faci, a wuce gidan da ake daka da wuri, akwai mai ƙosai amma ba ta fitowa ran Talata, akwai famfo, akwai baƙar akuya da take kwanciya a gindinsa. Mama Kezaya ta cika shafi uku. Mutane suka kewaye su ana ta ƙyaƙyatawa. Briskila ta sulale ta kama hanya.

"Coci uku na zama abin kallo," ta ce da ya iso ta. "Na gaji, Maigida. Kada ka ƙara kai ni ko'ina."

Ran nan bai ci abinci ba. Ya zauna a dakali ya kira Baba Irmiya, tana jinsa daga ɗaki. "Baba, saura mako uku. Yaya ake gane shi, cocin mutum?" Tsohon ya daɗe yana magana. Tado ya shigo yana maimaitawa don kada ya zube: "Cocinku shi ne wanda in ba ku zo ba, za a neme ku."

Wata rana, Lahadi ta biyar, Briskila ta yi wanka ta yi ɗauri, don duk da abin da ta faɗa ba ta taɓa kwana da niyyar fashin Mas ba. Ta fito ta tarar da Tado cikin kayan cocinsa, ya share ƙofar gida, ya aro kujeru uku ya jera.

"Na mene ne?"

"Ɗaya don kowane coci. Yau ba za mu je ba. Za mu ga wanda zai neme mu."

"Da gangan? A cikin azumi? Maigida, zunubi ne!"

"In mun je, ta yaya za a neme mu?"

Gajiya ta hana ta gardama, kuma can cikin ranta tana so ya gani da idonsa cewa ba mai zuwa, don ranar da za ta tafi kada ya ce ba ta yi haƙuri ba. Suka zauna. Ƙararrawar gabas ta kaɗa, ta yamma ta kaɗa. Rana ta take, maƙwabta suka dawo, Maman Godiya ta dubi kujerun ta ce, "Baƙin Abuja ake jira?" Azahar ta wuce. Briskila ta shiga ɗaki ta jawo jakarta daga ƙarƙashin keke, ta fara ninke zannuwa.

"Amarya," in ji Tado daga waje, "Lahadi ba ta ƙare ba."

Da la'asar sai ta ji hayaniyar mata a lungu.

"Ga famfon dai. Ina akuyar?"

"Ke, akuya ba ta da ƙafa ne? Karanta na gaba!"

Ta leƙo. Mata bakwai ne cikin ankon zumunta, ɗaya da jarkar kunu, ɗaya da kula a ka, Mama Kezaya a gaba riƙe da littafinta tana haki.

"Salama alaikum! Wa ba shi da lafiya? Briskila ce?"

Sunanta. Wata huɗu ke nan, ban da mijinta, ba wanda ya kira shi a garin nan.

"Lafiyarmu ƙalau, Mama," in ji Tado yana washe baki. "Gwaji muke yi."

Da ya gama bayani, Mama Kezaya ta zauna a kujera ɗaya ta dafe ƙirji. "Wato da gwiwoyin nan nawa na tsallaka layin dogo saboda gwaji? Ɗana, ran Asabar za ka je ka faɗa wa Fada wannan da bakinka, kana durƙushe."

"Da ƙarfe nawa, Mama?"

"Huɗu! Ke kuma 'yata, kin biye masa?" Ta kamo hannun Briskila ta zaunar da ita kusa da ita. "Mu haka muke yi. Duk wanda ya shiga littafin nan, in benci ya yi Lahadi ɗaya babu shi, sai mun taka mun gani. Ke kuwa tun da safe ake ta waige. Mun ɗauko waƙar nan ta makon jiya, muka zo wurin hawa, duk muka tsaya muna jiran murya, ba murya. Wa ya koya miki?"

"Innata."

"Allah ya yi mata albarka. Ran Laraba muke koyon waƙoƙin Ista. Ba roƙonki nake yi ba fa."

Aka zuba kunu, aka buɗe kula, kujeru uku suka yi kaɗan har sai da Maman Godiya ta fito da tabarma. Suka sa Briskila ta ja baiti nan a ƙofar gida, ta ja, matan suka amsa, yaran lungu suka taru. Tana waƙar tana gode wa Allah a ranta, da ya ba ta mutumin da duk mai wayo zai ce masa wawa, wanda kuma shi kaɗai ne zai iya zama tun safe har la'asar yana jiran a zo neman matarsa.

Da suka raka baƙi har famfo suka dawo, Tado ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon jakar da ke kan katifa, rabinta cike.

"Amarya, ran Ista da yamman nan," ya ce a hankali, "in raka ki tasha, ko..."

Ta san shi. In ba ta faɗa da baki ba, ba zai taɓa ɗauka da kansa ba. Ta matso ta riƙe hannunsa mai ƙanshin burodi.

"Tadawus, saurara da kyau, don wannan ina so ka ɗauke shi yadda na faɗe shi. Ba zan tafi ran Ista ba, ba zan tafi bayanta ba. Na yi maka alkawari, inda kake nan zan zauna."