Ranar da na tafa wa Malam

Minti nawa na yi ina tafi yana kwance a ƙasa? Har yau ban sani ba, kuma ba wanda ya yarda ya faɗa mini. Ba na mantawa da ranar dai. ('Yata Zainab ce ke rubutawa, ni ko alif ban sani ba.)

Kafin mu zo Makka mijina Malam ya zama direban bas a tashar Kudai, ya yi wasan talabijin a Kano. Bai taɓa zama tauraro ba. Maigadi, ɗan aike, ɓarawon da ake harbewa tun ba a yi nisa ba. A nan Makka ya gano wani tsohon Bature ɗan Sukotlan a tashar finafinai, shi ma haka: yau ɗan sanda, gobe kuku, jibi gawa. Shekara da shekaru yana fitowa, ba wanda ya san sunansa sai Malam. "Abokin aikina" yake ce masa. Duk mutuwar da Baturen ya yi, sai Malam ya kwaikwaya mana bayan cin abinci.

Ranar sunan jikarmu a unguwar Ka'akiyya, dangin surukinmu sun cika falo, Malam ya miƙe yana ba da labarin Baturen. Sai ya dafe ƙirji, ya ja labule, ya zube. Ni kuwa na leƙo daga wajen mata, na ga bai taɓa yi da kyau haka ba.

Surukina ya zabura. Na tare shi (ni da ba na haɗa ido da shi!) na ce, "Ƙyale shi, ɗan nan, sana'arsa ce." Na shiga tafi, har da guɗa. Mata biyu suka taya ni. Zainab ce ta ga leɓensa ya sauya launi, ta kurma ihu a kira motar asibiti.

Likita ya ce rai na Allah ne. Na sani. Amma ina kuka kullum, kuma tun ranar ko kaza na ga ta kwanta sai na taɓa ta.

Kwanansa biyu a asibiti. Da ya farfaɗo na durƙusa ina neman gafara, na kasa ɗaga kai. Ya matsa hannuna.

"Maman Zainab," ya ce, "shekara arba'in ina mutuwa a gabanki ba ki taɓa tafa mini ba. Ashe ta gaske kike jira."