Barcin Suwaiba a Aji

Alhaji Mudi mai sayar da kayan gini a Funtuwa mutum ne da ba ya ƙaunar ya ga yaro a zaune. In ya tarar da 'yarsa Suwaiba ta jingina da bango tana kallon kaji, ji yake kamar buhun siminti ya bari a ruwa. Shekarunta goma, tana aji biyar, amma tun tana aji biyu ya daina kiran ta da sunanta, Likita yake ce mata. Shi ya riga ya gama mata karatun a ransa, saura kawai ita ta biyo shi a baya.

Abin ya ta'azzara ne ranar da aka ba da sakamako, 'yar maƙwabcinsa ta zo ta biyu, Suwaiba ta zo ta goma sha ɗaya. Ranar Alhaji ko abincin kirki bai ci ba. Washegari ya samu biro da bayan tsohuwar kalanda, ya zauna ya yanka wa yarinya yininta gunduwa-gunduwa. Da asuba malamin hadda. Bakwai da rabi makarantar boko. Ta dawo ƙarfe biyu, ta tura abinci a tsaye, malamin lissafi yana zaure yana jira. La'asar ta yi, sai Islamiyya. Bayan magariba ga malamin Turanci. Ranar Alhamis da babu Islamiyya ya cusa malamin kimiyya, Asabar da Lahadi kuma ya ɗauko wani mai koyar da kwamfuta. Duk mako abin da ya rage wa baiwar Allah shi ne yammacin Juma'a, da ake kai ta gidan kakarta ta yi carafke da 'yan'uwanta har ta manta da akwai wani abu wai shi littafi. Wannan yammacin take ƙirga wa kwanaki tun daga Asabar.

Uwarta, Hajiya Indo, ta gaji da kallo ta ce, "Alhaji, yarinyar nan fa ramewa take yi. Jiya da loma a hannunta ta fara gyangyaɗi."

"Ke ba ki san boko ba," in ji Alhaji. "Kin taɓa zuwa asibiti kin tarar da likita yana barci? Tun yanzu ake sabawa."

Tsakiyar zango aka yi gwaji. Likita ta zo ta goma sha tara. Ƙasan takardar kuma malamin ajinsu ya rubuta da jan biro cewa tana yawan barci a aji.

Alhaji ya karanta sau uku, ransa ya ɓaci matuƙa. Ya duba kalandarsa sama da ƙasa yana neman inda ɓarakar take, har idonsa ya faɗa kan yammacin Juma'a. Yawwa! Ashe nan ne lalacin ke shigowa. Kafin azahar ya samo wani malamin da zai toshe wurin. Amma ya ce ba zai yanke hukunci ba sai ya kama ta da idonsa, don kada uwarta ta ce an zalunce ta.

Ranar Talata da misalin sha ɗaya ya rufe shago ya nufi makaranta ba tare da ya sanar da kowa ba. Hedimasta ya taso da rawar jiki ya raka shi aji biyar. Tun daga nesa suke jin hayaniya kamar ranar kasuwa. Da suka leƙa, wasu na cinikin alewa, wasu na kokawa a baya, wata yarinya ta hau benci tana kwafe rubutu daga littafin malam zuwa allo. Kujerar malam babu kowa sai hularsa. Can kusa da taga kuwa ga Likita, ta yi matashi da jakarta, baki a buɗe, tana sharar barcinta hankali kwance.

Shi Alhaji duk bai ga sauran ba. 'Yarsa kawai ya gani.

Hedimasta ya aika a kira malamin ajin. Aka ɗan jima, sai ga Malam Haladu ya ɓullo daga gindin darbejiya, waya a hannu ɗaya, ɗayan yana goge man ƙosai a gefen rigarsa. Yana ganin Alhaji ya gyara tsayuwa ya murtuke fuska.

"Alhaji, gara da ka zo ka gani da idonka. Shekarata goma sha biyu ina koyarwa, ban taɓa ganin mai barci irin 'yarka ba. Mu nan muna iya bakin ƙoƙarinmu, wallahi har murya ke dishewa. Amma in babu kulawa daga gida, malami ya zai yi?"

Wannan magana ta ƙona wa Alhaji rai. Shi ne ba ya kulawa? Ya buga tebur da tafin hannu. Suwaiba ta zabura ta miƙe, shatin zif ɗin jaka kwance a kumatunta. Da ta ga ubanta sai ta durƙusa.

"Baba, ina kwana."

"Ke za a tambaya, ai ke kika kwana! Saurara ki ji. Daga wannan Juma'ar babu ke babu gidan Kaka, na riga na samo malami. Sai fa in kin ba ni dalili a nan, gaban malaminki."

Idanunta suka ciko da hawaye. Har masu kokawa suka saki juna suka zuba ido.

"Kina barci wurin malamin hadda?"

"A'a, Baba."

"Wurin na lissafi fa?"

"A'a."

"Na Turanci? Na kimiyya? Islamiyya?"

Ta girgiza kai.

"Ka ji ko, Alhaji?" in ji Malam Haladu. "Raini ne kawai. Ni ta raina."

"To faɗa mini," in ji Alhaji, yana nuna ta da makullin mota. "Duk wuraren nan idonki biyu. Me ya sa sai a ajin Malam kike barci?"

Suwaiba ta share hawaye da gefen hijabinta, ta sunkuyar da kai, ta ce cikin ladabi:

"Baba, to a ina zan yi? Duk sauran wuraren koyarwa ake yi."