Rasuwar Haƙuri, Motar da Ta Riga Mama Tafiya

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma miƙa wuya ga nufin Ubangiji, ni Istifanus na Unguwar Boro, a madadin iyalina, ina sanar da rasuwar motarmu a-kori-kura, wadda aka fi sani da Haƙuri. Ta rasu ranar Asabar a Sabon Tasha, a makon da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula.

Marigayiya baiwar Allah ce marar ƙorafi. Da safe takan yi tari, "kyar-kyar-kyar, gurrum," ta kama aiki. Ita kaɗai ke iya shiga ƙauyenmu da damina. Saboda haka mahaifiyata, wadda ƙarfinta ya ƙare, ta sa na yi mata alkawari a gaban Fasto cewa ranar da Ubangiji ya kira ta, Haƙuri ce za ta kai ta gida, a kwantar da ita kusa da Baba.

Na riƙe motar nan da amana. In mun iso rafi, ina sauka in auna zurfin ruwan da sanda. In mun tarar da taɓo, ina tsayawa in kulle tayoyin gaba, in sa ƙaramar giya mai sa duka huɗun su ja, mu ratsa a hankali. Da mun hau kwalta sai in cire, domin kwalta da wannan giya ba sa ga maciji.

Ciwon ajali ya same ta a hannun surukina Alexander, sabon kansila, wanda ya are ta don zuwa godiya ƙauye. Na yi masa bayanin giyar, ya ce wanda ya ci zaɓe ba a koya masa tuƙi. Sawa dai ya sa. Cirewa ce bai yi ba. Haka ya zuba gudu a kan titin Kachia, 'yan Zumuntar Mata cike da bodi, suna waƙa da ganga da tulu. An tabbatar mana marigayiya ta yi kuka tun daga nesa, amma matan sun ɗauka tana amsa waƙa ne, sai suka ƙara ƙarfi. Makaniki Tochukwu na Kakuri ya leƙa ƙarƙashinta, ya fito ya cire hularsa. Ban taɓa jin ɓacin rai irin na ranar ba, kuma har yau Mai Girma Kansila bai zo gaisuwa ba.

Ta rasu ta bar jak, shebur, igiyar ja, da tayar safaya wadda ta daɗe tana jinya.

Za a yi zaman makoki ranar Juma'a da yamma a ƙofar gidana. Ana roƙon Zumuntar Mata su zo ba tare da ganga ba. Ranar Asabar za a ja gawar zuwa Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa, inda za a raba ta ga mabukata.

Mama ba za ta samu halarta ba. Na durƙusa na gaya mata alkawari ya gagara, sai ta tambaya ko gaskiya ne sabuwar gwamnati ta ce za ta yi mana titi har ƙauye. Na ce haka suka faɗa.

Ta ce, "To, Istifanus, zan jira."