Fuskar da Ta Tona Mini Asiri a Bikin Gozaki

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwar maigidana a Gozaki ba. Kakar auduga ce, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina goyon ɗana Sani. Tun da na haife shi na kasa riƙe fitsari. In na yi dariya, ɗis. In na yi atishawa, sai canjin zani. Abin da ya fi ci mini rai shi ne alwala, don da ƙyar take kai ni sallama.

Wata nas a Malumfashi, Bayarabiya haihuwar Funtuwa, ita ta koya mini dabara. "Maman Sani, ba allura, ba ƙwaya. Ki matse can ƙasa kamar mai hana fitsari da tusa fita, ki riƙe, ki saki. Kullum, ko kina tsince wake. Ba wanda zai gane."

Baiwar Allah ba ta san fuskata ba. (Ni ma da duk bokona ban sani ba.) Ashe da na matse sai girata ta ɗage, idanuna su firfito, numfashi ya tsaya cak.

Ranar wunin biki, mata na lugude a tsakar gida, ana ta barkwanci. Na san in na shiga zan yi ɓarna, sai na raɓe a gefen tabarma ina aikina. Iya, uwar maigidana, ta ƙura mini ido.

"Ke 'yar nan, lafiya?"

Na sunkuya. Da wane baki zan gaya wa suruka abin da nake matsewa? Tsoro ya sa na ƙara matsewa.

"Innalillahi! Yaya, zo ki gani, iska ce! Sai da na ce kada ta bi ta gindin tsamiyar nan da goyo."

Kafin in ce uffan, Goggo, yayar Iya, ta kawo kasko da garwashi, ta zuba wasu saiwoyi, aka lulluɓe ni da zani. Ina ta addu'a a zuci, ba don aljani ba, don hancina.

Atishawar farko na riƙe. Wallahi na riƙe, har na sa wa nas albarka. Ta bayanta kuwa, sai dai a tambayi sabuwar tabarmar Iya.

Goggo ta yaye zanin, ta dubi tabarma, ta dube ni. Na fashe da kuka, na zayyana komai, har matsewar.

"Shi ne kika bari muka ƙona saiwa a banza?" in ji Goggo. "Ke, kin taɓa ganin na yi dariya a tsaye? Ni rabona da lugude tun haihuwar fari."

Iya ta kawar da kai, ta ce da Goggo a hankali, "Tambaye ta yadda ake yi."

Da La'asar maigidana ya leƙo neman tabarmi, ya tarar da tsofaffi jere, gira a ɗage, idanu a waje. Ya ja da baya, ya ce, "Iya, a kawo garwashi ne?"

Alhamdu lillahi, kafin damina alwalata ta Magariba ta fara kai ni Isha'i. Amma na koyi darasi: in an ce maganin nan ba mai gani, to ki fara gwada shi a gaban madubi.