Atishawar da Ta Cinye Sunan Kakan Matata

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin nan na ana gobe sunan ɗana na fari. Ko da ma na so in manta, Sabi'u ƙanin matata ba zai bari ba.

Bari in fara gaya muku ciwona. Ni mutum ne mai son faifan garmaho, irin baƙin nan mai faɗi da ake ɗora wa allura. A duk Azare ban san wani mai wannan cuta ba sai ni. Son faifai dai ba laifi ba ne, kallon bidiyon Turawa a waya shi ya jawo min. A can na ga wani hannun garmaho da ba ya jingina da komai. Yana hawa kan siririn bututu mai ƙananan huji, famfo na hura iska ta hujin, shi kuma hannun yana shawagi a kan iskar, yana bin faifan sannu a hankali. Don rashin nauyi, ko da baki ka hura shi sai ya tafi. (Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.)

Na sa aka aiko min da na gwanjo daga Legas. Na kwance hannun da garmahona ya zo da shi, na jefa a kwali ina ce masa hannun ƙauye. Na sayo famfon iska irin na masu kiwon kifi, na haɗa masa batir saboda ɗauke wuta, na ari awon magina mai ɗigon ruwa don teburin ya daidaita. Sai kuma na shiga abin da nake kira gyara. Famfon yana da gurnani, na jona masa doguwar robar ƙarin ruwa don in riƙa ajiye shi nesa. Akwai wani ɗan soso a bakinsa mai tace ƙura, na ce yana rage ƙarfin iska, na fizge shi na yar. Ni fa a dole na fi waɗanda suka ƙera shi sani. Abokan aiki suka fara kirana Injiniya, ni kuma ina amsawa, ban gane dariya suke min ba.

To, surukina Baba Alhaji na Katagum yana da faifai guda ɗaya tak, naɗe cikin tsohon rawani a ƙasan adaka. Wani makaɗin masunta ne ya yi shi tun zamanin da, kuma a ciki ya ambaci mahaifin Baba, marigayi Ɗanjuma Mai Koma. Ba hoton tsohon, ba komai nasa da ya rage, sai wannan suna a bakin makaɗi. Tun da garmahon gidan ya mutu, Baba yana saurayi, bai ƙara jin sa ba. Mutane sun sha neman ya ba su su kunna, ya hana.

Da matata Zulai ta haihu a gidansu, aka ce sunan marigayin za a sa wa yaron, sai na ga dama ta samu. Na ɗauro kayana a bayan mota har Katagum. Zulai ta dube ni daga kan gado ta ce, "Don Allah, Malam, ka bar wa Baba faifansa a adaka. Haihuwar fari ce fa. Wasu ɓuya suke yi don kunya, kai ka taho da kaya kamar mai majigi."

Na ce, "Ke dai ki ji da jegonki."

Na durƙusa gaban Baba na yi masa bayani mai tsawo. Na ce wannan hannu, Baba, ba ya cin faifai, allurar ma da kyar take taɓawa. Ya dube ni ya ce, "Malam, amana ce." Na ce a kaina, Baba. Har da dafa ƙirji.

Da hantsi na kafa kaya a ɗakin baƙi. Na zura robar ta taga, na ajiye famfon a gindin bango ta cikin gida, wurin fayau ba kowa. Na gwada da faifaina, ya yi daɗi kamar me. Abin da Injiniya bai lissafa ba shi ne rana tana juyawa. Kafin la'asar inuwa ta koma gindin bangon nan, mata kuwa suka jawo turame da rariya suka dasa dakan yajin mai jego a wurin. Barkono, citta, masoro, kanumfari, ana daka ana tankaɗe a kan famfona, shi kuma bawan Allah ba soso, yana zuƙa yana aiko min.

Bayan sallar la'asar ɗaki ya cika. Ga ƙannen Baba da suka zo daga Dambam, ga liman, ga Sabi'u a bakin ƙofa yana murmushin mugunta. Baba ya warware rawanin da hannunsa, ya miƙo min faifan da hannu biyu. Na ɗora, na saki allura. Kiɗa ya tashi tas, muryar makaɗi ta fito kamar yana zaune cikinmu. Wallahi na ji kaina ya yi girma. Baba ya rufe ido, leɓensa na bin waƙar.

Liman ya yi ɗan tari. Wani dattijo ya murza hanci. Ni kuwa maimakon in ja da baya in zauna kamar mutumin kirki, sai na sunkuya na kai fuskata daf da bututun, wai ina duba daidaito, alhali so nake a ga ina aiki. Baba ya ɗaga yatsa ya ce a hankali, "Ga wurin nan, yanzu zai kira shi."

Daidai nan yajin ya isa ƙwaƙwalwata.

Na danne, na cije, na toshe numfashi. Ina! Atishawa ta fito min kamar an harba bindiga, kai tsaye a kan hannun nan da ko hurawa aka yi yake tafiya. Allura ta caki faifan, ta ja ƙiiiii tun daga nan har tsakiya. Ɗaki ya yi tsit, ba ka jin komai sai lugude daga cikin gida. Ni kuma bakina, da ya saba tun ina yaro, bai jira shawarata ba, ya ce da ƙarfi, "Alhamdulillahi!"

Jama'a, na gama yi wa mutum ɓarna a kan abin da ya fi so a duniya, na kuma yi hamdala a gabansa. Baba ya buɗe ido, ya dubi farin layin da ya ratsa faifan, ya dube ni. Mutum ne da ba ya barin sunna. Ya ce, "Yarhamukallah." Ban taɓa jin addu'ar da ta yi min zafi irin wannan ba. Da marina ya yi da ya fi min sauƙi. Sabi'u ya fice da gudu, na ji shi a zaure yana shessheƙar dariya.

Da na dawo ganin yaro bayan suna, na zo da hannun ƙauyen nan na kwali, na mayar da shi mazauninsa, kaina a ƙasa. Ya kunna faifan lafiya lau, ba famfo ba roba. Sai dai duk zagaye sai an ji ƙas, ƙas. Da aka zo wurin nan kuwa, allura ta yi tsalle ta wuce sunan gaba ɗaya. Na mayar, ta sake tsallakewa. Na sake mayarwa, sai Baba ya ce, "Bar shi, Malam." Da ta zo wurin, shi da kansa ya faɗa: "Ɗanjuma Mai Koma." Sannan ya share ido da bakin rawani. Ranar na yi kuka a mota tun daga Katagum har na kusa Azare.

Garmahon yana wurinsa yanzu, na bar masa. Duk sallah sai an kunna, Baba ya cika sunan da bakinsa, Sabi'u kuma ya raɗa min "Yarhamukallah, Injiniya" a kunne.

Abin da na koya dai kaɗan ne. In ka ga soso a jikin inji, da dalili aka sa shi. In matarka ta ce ka ɓuya, ka ɓuya. In kuma ƙwarewa ta motsa maka, ka gwada ta a kan kayan ubanka.