Rasuwar Hajiya Dominka, Dirayar Salun Yaya Rahma

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma hanci mai cike da ƙaurin da har yanzu ya ƙi fita, ni Firdausi Alhassan, a madadin yayata Rahma mai salun da ke cikin gidanmu a Kaura Namoda, nake sanar da 'yan uwa mata na nan gari da na Shinkafi da Zurmi rasuwar babbar dirayarmu ta busar da gashi, wadda kowa ya fi sani da Hajiya Dominka. Ta cika ranar Laraba da hantsi, bayan doguwar jinya, tana bisa kaina.

Ban buɗe wannan sanarwa da addu'ar da ake buɗe ta mutane ba, saboda Inna ta ce in na kuskura na jawo wa tulin roba da waya aya, sai ta fasa mini baki. Kuma wannan ne karon farko da na rubuta abin da wasu za su karanta. In an ga kuskure a yi mini afuwa.

Marigayiya ba 'yar nan ba ce. A gwanjon Kano aka samo ta, da ƙafa ɗaya mai tayoyi da kai kamar tulu a kife. Yaya Rahma ta sayo ta bayan ta daɗe tana kallon matan wata ƙasa mai suna Dominika a wayarta, yadda suke gyara gashin da aka sa wa rilaksa, man nan mai miƙar da gashi. A wanke shi, a naɗe shi a manyan rola yana jiƙe, a zaunar da mace ƙarƙashin diraya har ya bushe, sannan a warware a bi shi da ƙaramar dirayar hannu da burushi mai zagaye, har ya miƙe ya riƙa lilo in ta juya wuya. Ranar da Yaya ta ce wa mata sunan gyaran nan Dominika, Gwaggo Asibi, ƙanwar Baba, "dominka" ta ji.

"To ai sun yi gaskiya," in ji ta. "Wagga azaba duk domin mai gida ta. Kina hita ki ɗaura kallabi ki zuba hijabi, wa ka ganinai in ba shi ba?"

Sunan da ya bi dirayar ke nan har ƙarshen rayuwarta.

Hajiya Dominka mai haƙuri ce. Ta karɓi kan amare da na uwayensu, kan malaman firamare daga Sakajiki, da na matan da suka sha hanya daga Katuru da Dauran. Ba ta taɓa fitar da sirrin mai sanƙo a gefe ba. Ta san masu amosanin kai, ta yi shiru. Ta ƙona kunnuwa da yawa, gaskiya ne, amma ba ta nuna bambanci, matar mai kuɗi da matar malam duk da ja ɗaya suke fita. In aka kunna ta sai ta ce ƙirrr, ta ɗan yi tunani, sannan ta ɗauki huuuuu ɗinta mai tsawo. In ta gama sai ta ce ting, sau ɗaya, ba ta maimaitawa.

A wurina kuwa ta fi haka. Gidanmu gida ne da ba a ganin yarinya zaune da littafi a ƙyale ta. In ban tafi niƙa ba ina wanke-wanke, in ban goya ɗan wata ba ina neman takalmin wani. Ƙarƙashin Hajiya ne kaɗai ba a aike na. Da zarar an naɗe mini rola an sauke wannan tulu a kaina, shi ke nan, ba na ji kuma ba na tashi, don Yaya da kanta ta kafa doka cewa mai rola ba ta motsi. Sai in ga bakin Inna yana buɗewa yana rufewa a ƙofar ɗaki, ni kuwa ina juya shafi. Saboda wannan zama na yarda aka sa mini rilaksa tun farko, na jure zafinsa da ƙurajen da yake bar mini a ƙeya. Matan salun kan tsokane ni, "Ke kuma Firdausi, ba miji ba saurayi, domin wa?" Kunya ba ta taɓa barina na amsa ba. Domin littafi ne.

Ciwon ajalinta ya fara tun bara. Huuuu ɗinta ya soma haɗuwa da gwar-gwar, kamar tsoho mai majina. Daga baya ta fara wani ƙamshi mai nauyi, kamar ana soya abu a nesa. Hajiya Balaraba, babbar kwastomarmu daga Shinkafi, ta ce ƙamshin kayan waje ke nan, ita ta san shi tun daga Saudiyya. Muka yarda. Ni har lumshe ido nake ina shaƙa. 

Ranar Laraba, bayan Hajiya Balaraba ta fita daga ƙarƙashinta, aka naɗe mini nawa na shiga da littafin da na aro a makaranta. Na yi nisa, an kusa gane wanda ya saci yarinyar da ke cikin labarin, sai wani abu ya ɗiga bisa shafin. Baƙi, mai kauri, mai ɗumi. Kafin in ɗaga kai wani ya sauka a wuyana ya gangara cikin rigata a hankali. Marigayiya ta ce gwar, ta ce gwar-gwar-gwar, ta ce tas! Hayaƙi ya cika tulun da kaina a ciki. Kalmarta ta ƙarshe fusss ce. Ba ta samu ta ce ting ba.

Aka kira Armiya'u mai gyaran fanka ya duba gawa. Ashe bayan kanta yana buɗewa, ba wanda ya sani a gidan nan. Ya kwance kusoshi ya ɗaga murfi, sai ya ja da baya har ya taka bokitin rola.

Ina roƙon mai karatu ta ajiye abin da take ci.

Mata dai an san mu. Yaya takan ce gyaran Dominka ba ya son maiƙo, kowa ta zo da kai wankakke. Kowa takan rantse. Amma wace uwa za ta bar 'yarta ta shiga wuta da kai ba man shanu? Wata ta shafa tun a gida, wata ta faki idon Yaya ta lakato daga ƙaramar roba bayan an gama naɗi. Wata man kaɗe, wata alayyadi, wata haɗin kakarta da ba a faɗin abin da ke ciki. Duk tururin wannan, da duk gashin da ya karye, Hajiya Dominka ta yi shekaru tana zuƙewa tana ajiyewa. Abin da muka gani dunƙule ne kamar kaza a kwance, baƙi ƙirin, yana ƙyalli, yana naso. Ƙwan kyankyaso jere a gefensa. A tsakiya, manne da wayar da ke kawo zafi, tsaka ce. Ba ɗaya ba. Sun soyu tun ba yau ba, a cikin man shanun matan ƙananan hukumomi uku.

Ƙamshin kayan waje ke nan.

Armiya'u ya ja wuyan rigarsa ya rufe hanci. "Tana tashi," in ji shi. "Waya ɗaya ta ƙone. Amma wallahi ni ban sa hannu ga gashin matan mutane. Ku samu mace ta yashe ta, in dawo."

Yaya Rahma tana bakin rariya a lokacin, tana ta amai. Da ta samu kanta sai ta dube ni ta ce, "Ke ad da son ta. In kina son ta tashi, ga ta nan."

Ina so a shaida cewa na gwada. Na tuna da zamana, na tuna babu wani lungu a gidan nan da ya rage mini. Na sa leda biyu a hannu, na ɗaure hanci da ɗankwali, na durƙusa. Na kama dunƙulen na ja. Ya biyo ni da wata ƙara, cwaɓ, yana zare kamar yauƙin kuɓewa, ɗumi bai gama fita daga cikinsa ba. Ledar ta huje. Wani abu mai ƙafafu ya bi ta cikin hujin ya hau tsintsiyar hannuna. A nan na fahimci ko an wanke ta da ruwan zafi da omo har ta koma sabuwa, ba zan sake iya zama a ƙarƙashinta in karanta layi ɗaya ba tare da ina jiran ɗigo ba. Na mayar da murfin da hannuna. Na ce a bar ta ta huta.

Marigayiya ta bar mijinta, janareto, wanda tun shigowarta gidan bai sake numfashi daidai ba, yanzu kuma har ƙiba ya fara. Ta bar ƙanwarta dirayar hannu, mai tsiwa, wadda ba a karatu a gabanta don sai an riƙe kunne da hannu biyu. Ta bar rola ja da toka da shuɗi, ban da waɗanda yaran gidan suka mayar tayoyin mota. Ta bar burushi, da ragar kai, da kujera mai yagaggen baya. Ta bar littafin makaranta da tabon da ban san bayanin da zan yi a kansa ba. Ta bar ni.

Da farko an shirya ba masu jari bola gawar. Sai labari ya fita. Kowa ta san gashin mace ba ya shiga hannun baƙo, ko wanda ya fita a mataji sai an binne shi ko a cusa a ramin katanga, kada wani ya samu ya yi aiki da shi. Wayar Yaya ba ta huta ba. Hajiya Balaraba ta dawo daga Shinkafi da kanta tana cewa a ware mata nata.

"Nau mai tsawo na, ina gane shi!"

Gwaggo Asibi ta buɗe mata murfi ta ce, "Bisimilla, Hajiya, zaɓi." Ba ta zaɓa ba.

Saboda haka za a yi jana'iza ta gaske. Za a binne kan marigayiya ɗungurungum, da duk abin da ke cikinsa, ranar Asabar bayan la'asar a bayan gidanmu, kusa da turken awaki. Mata kaɗai. Shinkafi da Zurmi kowace ta turo wakiliya ta ga an rufe da idonta. An roƙi a zurfafa ramin saboda kaji. Mai zuwa ta zo da turaren wutanta, kuma kada ta ci abinci mai nauyi. Ba za a yi zaman makoki ba, ba za a raba komai ba, musamman abin da aka soya.

Za a sa wani ƙunshi a ramin tare da ita. Gashina ne. An wanke shi har fatar kaina ta yi ja, warin ya ƙi, jiya Yaya ta sa almakashi. Mai son yi mini gaisuwa za ta same ni a bakin ramin, ni zan zuba ƙasar farko. Ina roƙo kada a ce mini zai tsiro, kuma don Allah kada wadda ta kawo mini man shanu.